Ni Na Yanke Jelar Ƙullinka, Masaƙi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaye a filin tanis na biyu ina jefa wa wasu mata biyu ƙwallo sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Mai gyaran takalma ne, maƙwabcinka a wurin aiki. Bai ja magana ba. Ya ce, "Koci, sai haƙuri. Masaƙi ya rasu ɗazu a asibiti." Na ce na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, na lallaɓa na zauna a benci. Ɗaya daga cikin matan ta tambaye ni ko za a ci gaba, na ce su kwashe ƙwallayen su tafi gida.

Shekararka sittin da tara a duniya. Arba'in da ɗaya daga ciki ka yi su kana saƙa zaren raket na wasan tanis, har sunan da iyayenka suka raɗa maka ya ɓace, kowa Masaƙi yake ce maka. Ni koci ne, na haura shekara talatin ina koya wa mutane yadda za su tsallakar da ƙwallo raga. Gwiwoyina sun gaji, ni ma na gaji, kuma ban iya rubutu irin na marubuta ba. Amma akwai maganar da na danne shekara goma sha ɗaya, ta shafi sunanka, in kuma ban faɗe ta yanzu ba za a ci gaba da tuna ka da laifin da ba naka ba ne. Zan zo kanta. Bari in fara da kai tukuna.

Ɗakinka na farko yana bayan ɗakin canza kaya a kulob. Ƙarami ne, taga ɗaya, da fanka mai ƙara wadda ka hana a gyara don ka ce tana taya ka hira. Injin saƙa na tsakiya, naɗe-naɗen zare na rataye a ƙusoshi, filaya da basilla da ɗan abin yanka mai jan mariƙi suna jere a kan tsumma. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ja ne kawai: a ɗaure raket a inji, a zura zaren tsaye, a ja, a danne, sannan a saƙa na kwance ta sama ta ƙasa. Kai kuwa cewa kake duk wannan aikin inji ne, wanda aka nuna wa sau uku zai iya. Aikin mutum yana wurin ƙulli. Ƙulli huɗu kake yi wa kowane raket, kuma duk ƙarfin da aka tara a layi talatin da biyar na zare a kan waɗannan huɗun yake rataye.

Ban san sau nawa na kalle ka kana ƙulli ba. In ka zo layi na ƙarshe sai ka ƙara wa inji ƙarfin ja kilo biyu, don ka san zaren zai ɗan koma baya in an sake shi. Ka zura bakinsa ta hudar da ke jikin raket, ka zagaya shi a kan zaren da ke ciki, ka sake zagayawa, sannan ka kama da filaya ka dinga ja da hannu a hankali, gaba da baya, har ƙullin ya zauna. Ba ka taɓa yarda a ja ƙulli da inji ba, ka ce inji bai san lokacin da zare ya ce ya isa ba. A wannan minti ɗayan ba ka ɗaga waya, ba ka amsa tambaya, ko shugaban kulob ne a kanka sai ya jira. In ka gama sai ka yanke ka bar 'yar jela, ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, ka kwantar da ita a jikin raket da babban yatsa.

Wannan jelar ce abin tsokanarka. 'Yan wasa suna cewa raket ɗin Masaƙi gashin baki gare shi. Sauran masu saƙa suna aske ta tas don aikin ya yi kyau a ido, kai ka ƙi. Ka ce ƙulli yana ci gaba da cin zarensa kwana biyu bayan an gama shi, in bai sami abin ci ba sai ya saki. Muka yi ta dariya, kai ma kana taya mu, amma ba ka taɓa rage tsawonta ba.

Ina wurin ranar da wani babban ɗan kasuwa ya shigo da raket a tsinke, baƙinsa na jira a fili, ya ce minti sha biyar ya ba ka. Ka ce masa arba'in. Ya ɗaga murya, ya tambaye ka ko ka san da wa kake magana. Ka miƙa hannu bayan ƙofa ka ɗauko naka tsohon raket ɗin nan mai naɗin baƙin salatif, ka ce, "Ranka ya daɗe, buga da wannan kafin in gama. In ka ci, hannunka ne. In aka cinye ka, ka ce raket ɗin Masaƙi ne." Mutumin ya tsaya yana kallonka, dariya ta ƙwace masa. An cinye shi kuwa, kuma ya faɗa wa kowa raket ɗinka ne.

Guntayen zaren da ake zubarwa kai tara su kake yi a kwali. Duk ƙarshen wata, malamar motsa jiki ta makarantar 'yan mata da ke bayan kulob takan zo da ƙananan raket a buhu, wasu a tsinke, wasu a karkace, ka saƙa mata su da guntayen nan, launi uku a raket ɗaya. Ƙullin da kake yi wa zakaran ƙasa shi kake yi musu, da ƙarin kilo biyun da jelar da komai. Na taɓa ce maka yaran nan ba su san bambanci ba. Ka ce ai kai ka sani.

Sai ɗiyata, wadda kowa ke kira Bahaguwa don da hagu take komai. Tana da shekara shida mahaifiyarta ta kwanta a asibiti wata huɗu, kwanciyar da ba ta tashi ba. Ba ni da inda zan ajiye yarinya in ina fili, kai ka ce in bar maka ita. A kujerar robar nan ta ɗakinka ta yi waɗannan watannin, kana saƙa tana ba ka labarin da ba kai ba gindi. Kai ka rage mariƙin wani tsohon raket ya yi daidai hannunta. Kai ka fara lura ina tilasta mata riƙe shi da dama, ka ja ni gefe ka ce, "Koci, bar ta da hannun da Allah ya ba ta." Baba take ce maka. Daga ranar da ta fara gasa ba wanda ya taɓa saƙa mata raket sai kai.

To, ga maganar.

Tana dab da cika shekara sha takwas aka yi gasar zaɓen wadda za a tura makarantar horo a ƙasar waje, da karatu da komai. Gurbi ɗaya ne, kuma shekarunta ba za su bar ta ta sake nema ba. Ta kai wasan ƙarshe, ranar Asabar da la'asar. Ranar Juma'a ka saƙa mata raket ɗinta biyu da sabon zaren nan mai tauri da santsi. Da safiyar Asabar muna gida, tana riƙe da wuyan raket da hannun dama kamar yadda take yi in tana jiran ƙwallo, sai jelar ƙulli ta soke ta a ɗan yatsa. Jinin bai kai ɗigo biyu ba. Ta tsotsi yatsan ta ce, "Gashin bakin Baba ya cije ni," ta wuce wanka tana dariya. Ni kuma na buɗe aljihun tebur na ɗauko abin yanke farce, na bi ƙulli takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na aske su tas. Na shafa da yatsa na ji sumul, har na yaba wa kaina. Ban faɗa mata ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne. Shekara ashirin ina jin ka kana bayanin jelar nan, ashe ji kawai nake yi. Garin neman gira na rasa ido.

Ta ci zagaye na farko. A na biyu tana gaba da uku da ɗaya sai na ji ƙarar bugunta ta canza, ƙwallo ta fara wuce layi. Ta duba, ƙulli ya zame, zaren ya saki. Ta ɗauko na biyun. Shi ma bai kai ƙarshen zagaye na uku ba ya yi haka. Da raket ɗin aro ta ƙarasa, mai nauyi, ba na hannunta ba, aka cinye ta. Ta zauna a kujera ta rufe kanta da tawul, aka gama raba kyauta ba ta ɗago ba. Tun daga zamewar ƙullin farko na san abin da ya faru, ina zaune a gefen fili.

Shugaban kulob da mutum uku na kwamiti suka ɗauki raket ɗin biyu suka yi ɗakinka, ni ina biye a baya. Ka karɓa, ka shafa sauran ƙullin da ba su kwance ba. Abin yankanka a karkace yake yanka, kamar feƙen alƙalami, abin yanke farce kuwa a lanƙwashe yake cizo. Na ga babban yatsanka ya tsaya a kai. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, ban iya riƙe idonka ba. Da a cikinsu akwai wanda ya duba da kyau, da ya ga gashin bakin da suke maka dariya a kai babu shi, amma mai fushi ba ya dubawa, kai kuma ba ka ba su lokaci ba. Ka ɗauki abin yanka ka datse zaren duka biyun ka zuba a kwandon shara. Ka ce, "Daga hannuna suka fita. Ku yi haƙuri."

Bahaguwa ta zo bakin ƙofa, tawul a wuya, idanu jajur. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, da kai na amince," ta juya. An bar jaki ana dukan taiki, jakin kuma yana tsaye a jikin ƙofa bai ce uffan ba. Na ji tsoro ne, Masaƙi. Ita kaɗai ta rage mini, kuma na ga irin kallon da ta yi maka, na san ba zan iya ɗaukarsa ba.

Bayan mako biyu kulob ya karɓe ɗakin. Ka koma ƙarƙashin matakalar wani benen shaguna, kusa da mai gyaran takalma, inda sai ka sunkuya kake ɗauko zare, rabin injin kuma yana kan hanyar mutane. Manyan 'yan wasa suka ɗauke ƙafa. Magana ta yi ta girma a bakin mutane: daga hannun Masaƙi ya mutu, zuwa tsufa ya kama shi, har aka kai ga cewa mahaifin yarinyar da ta ci ne ya saye ka. A gabana aka faɗi wannan, ba sau ɗaya ba. Iyakar abin da nake cewa shi ne, "Allah dai ya kyauta."

Ban daina zuwa wurinka ba, kuma kada wani ya ɗauka alheri ne, nauyi ne ke kai ni. Duk bayan mako biyu ko uku nakan kwaso raket ɗin ɗalibaina in zo in zauna a bencin mai takalma. Kullum da niyyar yau zan faɗa nake fitowa daga gida. Da farko na ce bari ta huce. Daga baya na ce bari ta gama jarrabawa, sai bari a yi aurenta, sai bari ta haihu. Ita kuwa tun ranar ba ta sake taɓa raket ba. Ta yi karatun haɗa magunguna, tana aiki a wani kantin magani da ke titi ɗaya da benenku, kuma tsallaka titi take yi don kada ta bi ta gabanka. Kana ganinta. Duk da haka ban taɓa zama a bencin nan ba ka tambaye ni, "Ya Bahaguwa?" ba, in ce lafiya lau, ka ce madalla.

Sau ɗaya tak ka taɓo maganar, ita ma daga nesa. Kana kwantar da jelar wani ƙulli da yatsa, ba ka ko dube ni ba, ka ce, "Koci, in jela ta soki wani a dawo mini da ita. Kwantar da ita ake yi, ba a yankewa." Ƙofa ka buɗe mini. Ni kuma na ce ai filin nan na uku ya fara tsagewa, ya kamata a yi masa gyara. Ka ce haka ne, ka ci gaba da aikinka.

Mako ɗaya kafin rasuwarka na zo asibiti na rantse wa kaina ba zan fita ban faɗa ba. Na tarar da matarka tana ba ka ruwa a cokali, ma'aikaciyar jinya tana duba ledar ruwan da aka sa maka. Na zauna kusan awa ɗaya ina zancen zafin gari. Hannayenka na kan bargo, sun rame, kantar filaya na nan a tafin. Da na rasa abin cewa kai ka sallame ni, ka ce, "Koci, ka gaji. Je ka gida."

Ranar da ka rasu na kira Bahaguwa. Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ni ba zan je gaisuwa ba, Abba, ban iya munafunci ba." Wannan kalmar ta hana ni sukuni. Washegari da rana na je kantin maganin, na tsaya har masu saye suka ragu, na faɗa mata komai, daga ɗigon jinin zuwa abin yanke farcen. Tana jera kwalaye a kan teburin kantin, ba ta daina jerawa ba sai da na kai ƙarshe.

"Ya sani?" in ji ta.

Na ce, "Tun a ranar."

"Kai kuma kana kallona ina tsallaka titi."

Ta cire farar rigar aiki ta rataye, ta gaya wa abokiyar aikinta ta fita. Na ce ga mota, ta wuce ni ta tare tasi.

A gidanka na same ta, a zaune a ƙasa kusa da matarka. Na nemi a kira babban ɗanka, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa marasa kirki na maimaita maganar. A zatona matarka ta sani. Shekara arba'in kuna tare, na ɗauka ko ita ka faɗa wa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam Koci, ni ma na yi masa gori. Duk ranar da ya dawo bayansa na ciwo saboda sunkuyon matakalar nan, sai in ce da ka ɗaure ƙullin nan da kyau da ba mu ga haka ba. Shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa ce mini komai ba." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ni wa zai yafe mini? Wanda za mu roƙa ni da kai ya tafi." Ɗanka ya kama hannuna ya tashe ni, ya raka ni bakin ƙofa cikin ladabi, ladabin da na gwammace da zagi ne.

Yau kwana tara ke nan. An ce mini Bahaguwa kullum tana gidanka in ta tashi aiki, ita ke kai matarka asibiti duba hawan jini. Wayata kuwa ba ta ɗagawa. Ina kira sau ɗaya da safe, ta yi ta ƙara har ta katse, in ajiye in tafi fili. Abin da na guda shekara goma sha ɗaya ya same ni a zaune, kuma ban ga laifinta ba. Da na faɗa a ɗakin nan a ranar, da wataƙila fushin shekara ɗaya ne ko biyu, kana nan kuma kana ba ta baki kamar yadda ka saba.

Zan liƙa wannan takarda a allon sanarwa na kulob, in kai ɗaya ƙarƙashin matakala. Duk wanda ya taɓa cewa hannun Masaƙi ya mutu, ko an saye shi, ya karanta ya janye. A shekara arba'in da ɗaya ban san ƙullinsa ko ɗaya da ya kwance ba, sai biyun da na sa wa hannu.

Allah ya jiƙanka da rahama, Masaƙi. Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi, ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zama nauyi a mizaninka. Yadda ka rufa wa wani asiri a duniya alhali kai ne a ƙasa, Allah ya rufa maka naka ranar da asirai za su tonu. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, Allah ya sanyaya mata zuciya ya cire mata nauyin da ni na ɗora mata. Ina ta'aziyya ga 'ya'yanka uku da jikokinka, da mai gyaran takalma wanda har yau yake share gaban injinka kowace safiya, da malamar makarantar 'yan mata. Ina kuma yi wa ɗiyata ta'aziyyar Babanta, wanda na raba ta da shi yana raye.

Ni ban san ko ina cikin waɗanda ake yi wa gaisuwa ba. Allah ya sa ka yafe mini kafin ka tafi, Masaƙi, don ban tambaye ka ba.